'Yan Fashin Teku a Silima: Fuskarmu Ta Fito, Labarinmu Fa?

Birnin Katsina ba maƙwabcin teku ba ne. Daga gindin hasumiyar Gobarau zuwa bakin ruwa a Ikko tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000, kuma da yawa cikin 'ya'yanmu ba su taɓa ganin ruwan da ya fi na madatsar Zoɓe ko ta Jibiya faɗi ba. Amma duk da haka, in ka tsaya a shagon masu tura finafinai a waya ka tambayi samari ko wane ne Jack Sparrow, ba za ka rasa wanda zai miƙe ya kwaikwayi tangaɗinsa ba.

Finafinan nan da kamfanin Disney na Amurka ya yi, masu suna Pirates of the Caribbean, watau 'yan fashin tekun Karibiyan, guda biyar ne. Na farko ya fito a 2003, sauran suka biyo baya a 2006, 2007, 2011 da 2017, kuɗin da suka tara a gidajen silima na duniya kuwa ya haura dala biliyan 4 da rabi. Abin da ya kai wannan matsayi ya wuce a kira shi wasan yara, gama ta wurinsa ne miliyoyin mutane suka sami ɗan abin da suka sani game da zamanin fashi a teku da mutanen da suka rayu a cikinsa.

A Turai da Amurka an daɗe ana jayayya iri biyu a kan finafinan. Ta fari ita ce ina suka karkata a siyasa, wajen masu neman sauyi ne ko wajen 'yan mazan jiya. Ta biyu kuwa ita ce ko an ba mata da mutanen kowane launin fata rabonsu a cikin 'yan wasan. A ganinmu, 'yan'uwa, masu jayayyar nan sun tsaya a zaure ba su shiga cikin gida ba. Ƙidayar fuskoki ba ta isa ta nuna an wakilci mutane ba. Abin da ya kamata a tambaya shi ne, a ina aka ajiye mutum a cikin labarin, wa kuma aka bari a waje ba a ji muryarsa ba? Da wannan mudu muke so mu auna finafinan, da shi kuma za mu auna namu na gida.

Haƙƙin masu yabo

Bari mu fara ba masu yabo haƙƙinsu, domin ba ƙarya suke yi ba. A fim na uku, na 2007, an nuna taron shugabannin 'yan fashi tara daga tekunan duniya. Akwai na Sin, da na Indiya, da na Faransa, da na Sifen, akwai tsohuwa mace a cikinsu, akwai kuma baƙin mutum mai suna Jocard. Wanda ya fito a matsayinsa shi ne Hakeem Kae-Kazim, haifaffen Ikko. Suka kaɗa ƙuri'a, sarauta ta faɗa a hannun mace, Elizabeth, 'yar gwamna. Tun a fim na farko ma an ga baƙar mace mai suna Anamaria a cikin matuƙan jirgi. Ga wanda ya saba da tsofaffin finafinan Turawa, inda baƙin mutum ba ya wuce ɗaukar kaya a bayan Bature, wannan ci gaba ne.

Ta wajen siyasa kuma, mugun labarin ba ɗan fashi ba ne, kamfanin ciniki ne, watau Kamfanin Gabashin Indiya, wanda ya saye gwamnati ya mai da sojojin sarki 'yan amshin shatansa. Fim na uku ya buɗe ne da jerin talakawa ana rataye su, har da ƙaramin yaro, wani jami'i yana karanta sanarwar cewa an jingine 'yancin taro, da 'yancin ɗaukar lauya, da 'yancin a kai mutum gaban alƙali. Masu sharhi da dama sun ce hannunka-mai-sanda ne aka yi wa gwamnatin George Bush, saboda tsare mutane ba shari'a a Gwantanamo bayan harin 11 ga Satumba 2001. Mu da muka ga zamanin dokar soja mai lamba 2 ta 1984, wadda ta ba da ikon a kulle mutum ba tare da an kai shi kotu ba, ba ma bukatar tafinta kafin mu gane wannan wurin.

Akwai ma gaskiyar tarihi a ciki. Masana irin su Marcus Rediker sun nuna cewa yawancin 'yan fashin ƙarni na 18 matuƙan jirgi ne da suka gudu daga bulala da yunwa da hana albashi. A jiragensu sukan zaɓi kyaftin da ƙuri'a, su tsige shi in ya kasa, su raba ganima bisa ƙa'ida, har su ware wani kaso domin wanda ya rasa hannu ko ƙafa. Baƙaƙen mutane da dama sun yi aiki a cikin irin waɗannan jirage.

Ina aka ajiye su?

To, amma sai mu duba inda aka zaunar da baƙin da aka gayyato. Jocard ya fito da kwarjini, amma maganganunsa ba su fi a ƙirga da yatsu ba, mai kallo kuwa zai tashi bai san garinsu ba, bai san abin da ya fito da shi teku ba. Anamaria ba a sake ganinta ba bayan fim na farko. Baƙar macen da aka ba babban matsayi ita ce Tia Dalma, wadda Naomie Harris ta fito a matsayinta, an kuwa nuna ta a bokanya mai baƙaƙen haƙora, tana zaune a bukka cikin fadama tsakanin layu da kwalabe, tana ta da matattu. Daga baya aka ɗaure ta da igiyoyi a kan jirgi. Wannan tsohon zane ne da Turawa suka daɗe suna yi wa macen Afirka, an dai sake masa fenti ne kawai.

Ba mu kaɗai muka lura ba. A 2007 hukumar tace finafinai ta ƙasar Sin ta yanke kusan rabin wuraren da Chow Yun-fat ya fito a matsayin Sao Feng, aka ce an nuna shi da tabo da zaƙo-zaƙon farata ta hanyar da ke muzanta mutanen Sin. Kafin nan, a 2005, lokacin da ake ɗaukar fim na biyu a tsibirin Dominika, Charles Williams, shugaban mutanen Kalinago, ya yi kuka da yadda za a nuna mutanen tsibiri suna shirin gasa Jack su cinye. Mutanen Kalinago, waɗanda ba su wuce kimanin 3,000 ba a yankinsu, su ne ragowar mutanen asali na tsibiran nan, kuma tun zamanin Kolombos ake yi musu ƙazafin cin naman mutane, ƙazafin da aka fake da shi aka bautar da kakanninsu. An ɗauki wasunsu aikin fitowa a fim ɗin, an biya su. Ga mai ƙidayar fuskoki, ai an wakilce su ke nan. Ga shugabansu kuwa, an sa su ne su riƙe wa mai zaginsu fitila.

Waɗanda labarin yake nasu, waɗanda ake so mai kallo ya ji tsoro dominsu, ya yi murna in sun tsira, su ne Jack da Will da Elizabeth da Barbossa, dukansu kuwa Turawa ne. Sauran kayan ƙamshi ne aka barbaɗa a miya.

Wanda aka bari a ƙasan jirgi

Babban abin da ya ɓace ya fi wannan nauyi. Labarin ya fara ne a Port Royal da ke Jamaika, a ƙarni na 18. A wancan lokaci Jamaika gandun rake ce ta Ingila, bayin da aka kwaso daga Afirka kuma sun ninka Turawan tsibirin sau da yawa. Arzikin tekun Karibiyan gaba ɗaya a kan wuyansu yake. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an ɗora 'yan Afirka kimanin miliyan 12 da rabi a jiragen bayi, waɗanda suka sauka da rai kuwa ba su kai miliyan 11 ba. Amma kana iya kallon finafinan nan biyar, ka ga ƙwarangwal masu tafiya da dodon ruwa da matan ruwa, ba ka ga gandun rake da bayi a cikinsa ba.

Dubi kamfanin da aka zaɓa ya zama mugu. Kamfanin Gabashin Indiya, wanda aka kafa a 1600, cinikinsa ya fi ƙarfi ne a Indiya da ƙasashen gabas. Kamfanin Ingila da ya shahara da jigilar bayi daga gaɓar tekunmu zuwa Karibiyan shi ne wanda ake kira Royal African Company, wanda ya sami takardar izini a 1672, ƙanen sarkin Ingila yana shugabancinsa. Ba a ambace shi ba. Daɗin daɗawa, an ɗauki wani wuri a fim na uku inda aka bayyana dalilin da ya sa aka yi wa Jack tambarin ɗan fashi a hannu, watau an ba shi jigilar bayi ne ya sake su, yana cewa mutum ba kaya ba ne. Wannan wurin, wanda shi ne ya taɓo maganar bauta kai tsaye, an cire shi kafin fim ɗin ya shiga silima.

Tarihi kuwa bai ɓoye kome ba. Blackbeard, wanda aka nuna a fim na 2011 da jirginsa mai ban tsoro, mutum ne da ya rayu. Jirgin nan asalinsa na bayi ne, mallakar Faransawa, sunansa La Concorde, ya ɗebo mutane daga Wida da ke ƙasar Binin ta yau. Da Blackbeard ya kama shi a watan Nuwamba 1717, akwai 'yan Afirka fiye da 400 a cikinsa. Bai 'yanta su ba. Ya riƙe jirgin da wasu daga cikinsu, ya bar wa Faransawan sauran, su kuwa suka ƙarasa da su tsibirin Martinik suka sayar.

Ga kuma Bartholomew Roberts, wanda dokokin jirginsa suka ba kowane mutum ƙuri'a. A jirgin bayi yake aiki lokacin da 'yan fashi suka kama shi a Anomabu, a gaɓar Gana, a 1719, kafin ya zama shugabansu. A watan Janairu 1722 ya tare jirage a Wida ya ce a biya fansa. Kyaftin ɗin wani jirgi mai suna Porcupine ya ƙi biya, sai mutanen Roberts suka cinna wa jirgin wuta da bayi kimanin 80 a ciki, ɗaure da sarƙa biyu-biyu. Waɗanda ba su ƙone ba suka faɗa ruwa, kifaye suka cinye su. Wata guda bayan haka sojan ruwan Ingila suka kashe Roberts a gaɓar Gabon. Aka yi wa mutanensa shari'a a ganuwar Cape Coast, wadda ita ce hedkwatar kamfanin bayin nan a Afirka, aka rataye 52. Baƙaƙen da aka kama tare da su, su fiye da 60, ko shari'ar ma ba a yi musu ba, sayar da su aka yi.

Ashe ke nan faɗan da ke tsakanin kamfani da 'yan fashi, wanda fim ya mayar faɗan zalunci da 'yanci, sau da yawa faɗa ne a kan wa zai ci ribar mutumin da ke ɗaure a ƙasan jirgi. Ko kamfani ya ci nasara ko ɗan fashi, shi dai sarƙa ba ta bar ƙafarsa ba. Shi ne ba a ba kujera a taron shugabanni tara ba.

Me ya haɗa Katsina da teku?

Wani zai ce, wannan ai labarin mutanen bakin ruwa ne, ina ruwan Bakatsine? Da ruwansa. Kusan shekaru 100 bayan zamanin su Roberts, yaƙe-yaƙen da suka fara a ƙasar Hausa a 1804 sun jefa dubban Hausawa cikin bauta, aka gangara da su Ikko da Wida, aka haye da su zuwa Bahiya a ƙasar Barazil. A 1807 hukuma ta gano wata maƙarƙashiya da bayi Hausawa suka ƙulla a birnin Salbado, cikin shirinsu har da ƙwace jiragen ruwa su komo gida. A 1814 suka sake yin bore. In ana neman labarin jarumta a teku, ga shi nan, masu shi kuwa da harshenmu suka yi shawararsu.

Ga kuma Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka kama a samame aka sayar, har wani Bajamushe mai suna Overweg ya 'yanta shi a Kukawa. Ya bi Heinrich Barth, suka ratsa ta nan Katsina a 1853, Gobarau tana tsaye inda take, suka kai Tambutu, suka ƙetare hamada, suka shiga jirgin ruwa har London a 1855. A can ya ba mai bishara J. F. Schön labarin rayuwarsa da Hausa, aka rubuta. Ya komo gida, ya rasu a Kano a 1912. Yaranmu nawa ne suka san sunan Dorugu, cikin waɗanda suka haddace tangaɗin Jack Sparrow?

Muna ma da misalin yadda ake ba da irin wannan labari daga ciki. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya gama Kwalejin Katsina a 1933, ya rubuta Shaihu Umar, aka buga a 1934, Adamu Halilu kuma ya mai da shi fim a 1976. Akwai mahara a ciki, akwai fatake da ayari da guguwar hamada, duk abin da mai son labarin kasada yake nema. Amma marubucin bai tsaya a bayan maharan ba. Ya bi yaron da aka sace, ya bi uwar da ta fita nemansa har ita ma aka bautar da ita, aka kai ta Tarabulus. Mai karatu yana rufe littafin ne da ciwon uwar nan a zuciyarsa. An gyara fim ɗin aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018, alhali kuwa da wuya ka same shi a shagon tura finafinai a garin da marubucin ya yi karatu. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, in ji Hausawa, sai dai mai waƙar ne ya yi shiru.

Siyasar da ta fi damunmu

Yanzu mu komo kan karkatar siyasar. Ko fim ɗin na masu sauyi ne ko na 'yan mazan jiya, wannan gardamar Amurkawa ce. Darasin da yaro zai ɗauka a nan shi ne, tun da masu mulki azzalumai ne, to ɗan fashi shi ne mai 'yanci. An ƙawata shi da ban dariya da kiɗa mai daɗi. A fim na farko 'yan fashi sun auka wa Port Royal da dare, suna harbi suna ƙone-ƙone, suka sace 'yar gwamna. Kafin fim na uku ya ƙare, shugaban maharan nan ya zama jarumin da ake yi wa tafi. Ba a koma an tambayi matar da aka kashe wa miji a daren nan ba.

A Jihar Katsina wannan ba almara ba ce. Ranar 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. A watan Yuli 2021 aka sace ɗalibai fiye da 100 daga makarantar Bethel Baptist a Jihar Kaduna. Mutanen Batsari da Safana da Faskari da Jibiya sun san abin da ake nufi da a tashe ka da harbi cikin dare, sun san yadda ake sayar da gona da shanu a haɗa kuɗin fansa. Su ma 'yan fashin daji suna da nasu bayanin, cewa an zalunce su, hukuma ta yi watsi da su, kuma a cikin koke-koken makiyaya akwai na gaskiya da ya kamata a saurara. Amma zaluncin da aka yi wa mutum ba ya wanke wanda shi ya yi wa na ƙasa da shi. An ma ga wasunsu suna baje kuɗin fansa a TikTok, samari suna biye da su. Yaron da ya saba ganin ɗan fashi a matsayin gwarzo, an riga an sassauta masa ƙyamar abin.

Mu tuna da misalin Basamariye a Luka sura 10. Akwai 'yan fashi a cikinsa, amma ba a ba su ko suna ba, da suka gama aika-aikarsu suka fita daga labarin. Ido ya tsaya ne a kan wanda aka bari kwance a bakin hanya, da wanda ya tsaya dominsa, shi kuwa daga kabilar da ake rainawa ya fito. Wannan shi ne tsarin da finafinan 'yan fashin teku suka juya.

Za a ce mana, ai nishaɗi ne kawai, wa ke neman tarihi a fim mai dodon ruwa? Gaskiya ne ba makaranta aka buɗe ba, ba kuma mu ce dariya laifi ce ba. Amma masu fim ɗin da kansu ne suka ɗauko Port Royal da Blackbeard da kamfanin da ya taɓa wanzuwa, suka kuma sa maganar dokar ta-ɓaci. Wanda ya zaɓi abin da zai ɗauka daga tarihi, shi ya zaɓi abin da zai bari. Ba kuma kiran a hana kallo muke yi ba. A watan Agusta 2022 hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa ta ci gidan Trust TV tarar naira miliyan 5 saboda wani shiri a kan 'yan fashin daji, ta ce an ɗaukaka su. Tarar ba ta komo da ko mutum ɗaya daga daji ba. Rufe ido ba ya maganin abin da ke waje, koya wa ido gani shi ne magani.

Mudun nan a gida

Ba daidai ba ne mu auna Disney mu ƙyale kanmu a Nijeriya. Lokacin da fim ɗin Amina na Izu Ojukwu ya fito a Netflix a watan Nuwamba 2021, mutanen Arewa da yawa sun yi kuka cewa tufafin da al'adun da harshen ba na Zazzau ba ne, ko da yake akwai fitattun 'yan wasan Hausa a ciki, har da Ali Nuhu. Nan ma fuska ta fito, amma masu labarin ba su ga kansu ba. A finafinan Kudu an daɗe ana nuna Bahaushe a maigadi mai gurɓataccen Turanci. Mu kan ji haushin wannan, kuma da dalili.

To, finafinan Hausa fa, tun daga Turmin Danya na 1990 zuwa yau? Sau nawa aka kawo Bagwari ko Bayarabe ko Ibo ba domin a yi dariyar Hausarsa ba? Bamaguje an fi ganinsa da tulun burkutu, Bafulatani kuwa jiya wawan kasuwa, yau mai bindiga, alhali Fulani da yawa su ne suka fara rasa shanunsu da 'ya'yansu a hannun ɓarayin daji. Bahaushe Kirista, wanda yake da gonarsa da iyalinsa a Malumfashi ko Ƙafur ko Matazu, wanda ba shi da wani harshe sai Hausa, da wuya ka gan shi sam. Mun san zafin wannan rashi. Amma abin da ya faru da mutanen Kalinago ya isa ya koya mana kada mu roƙi a sa fuskarmu kawai. In za a kawo mu domin a cika lissafi, ko a yi dariya, ko a nuna mu a ɓatattu, gara a bar mu. Abin da muke nema shi ne a nuna mu mutane, masu noma da aure da rashin lafiya da maƙwabtaka, kamar kowa.

Wanda kuwa yake neman a yi masa adalci, wajibi ne ya fara yi wa wani. Matasanmu da zumuntar mata suna shirya wasannin kwaikwayo lokacin Kirsimati da Ista da manyan taro. Masu shiryawa su lura kada mugun wasan ya zama kullum mai rawani ne, ko mai sandar kiwo, ko mai wani harshe. Yaran da ke zaune a gaba suna koyon wanda za su ji tsoro da wanda za su raina tun daga nan.

Abin yi

Shawararmu ga iyaye ita ce, kada a bar yara da waya su kaɗai a ce ai fim ne. A zauna tare da su, in an gama a tambaye su: wa aka cuta a labarin nan, an nuna mana shi kuwa? Wa ya yi magana, wa aka hana? Malaman makarantun Lahadi da shugabannin matasa suna iya ɗaukar yamma guda su ba da labarin jirgin Porcupine, ko na Hausawan Bahiya, ko na Dorugu, a gefen abin da yaran suka riga suka kalla. Ba a bukatar kuɗi domin wannan.

Ga matasanmu masu sha'awar harkar fim kuma, kayan aiki sun yi sauƙi yanzu, waya mai kyau tana ɗaukar abin da a da sai babban kamfani. Labarai suna nan birjik. Akwai na uwar da ta yi makonni tana jiran ɗanta ya fito daga dajin Rugu. Akwai na maƙwabta, Musulmi da Kirista, da suka haɗa kuɗi domin fanso mutumin ƙauyensu. In za a ba da su, a nemi izinin masu su, a kuma tsaya a gefen wanda aka cuta, ko wane ne shi, ko wace kabila ce tasa.

Masu shirya finafinan Hausa na Kano da Kaduna da Jos da nan Katsina, muna roƙonsu su buɗe ƙofa ga marubuta daga kowane ɓangare na masu jin Hausa, gama mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Hukumomin al'adu na jihohinmu kuma su nemo Shaihu Umar da aka gyara, a nuna shi a makarantu.

Disney za su ci gaba da yin finafinansu domin kasuwarsu, ba kuwa za su zo Gobarau su tambaye mu ba. Abin da ke hannunmu shi ne idon 'ya'yanmu da labaran kakanninmu. Allah ya ba mu hikimar riƙon su biyun, ya komo da waɗanda ke hannun 'yan fashi gida lafiya, ya ta'azantar da iyalansu. Amin.